Maɗori Mai Aiki da Haske: Fim Ɗin da Ban Gaji da Kallonsa Ba

Jama'a, na ga wani fim, kuma ba zan iya yin shiru ba. Babu jarumi a cikinsa, babu jaruma, babu kiɗa balle waƙa. Hotunansa gaba ɗaya 18 ne. Abin da yake nunawa tun daga farko har ƙarshe bai wuce kashi ɗaya cikin 5,000 na sakan ba, wato kafin ka ƙifta ido sau ɗaya abin ya isa ya faru sau ɗaruruwa. Amma tun da nake kallon abubuwa a allon kwamfuta, ban taɓa ganin wanda ya sa tsikar jikina ta tashi kamar wannan ba. Na kalla, na sake kalla, na tashi na sha ruwa na dawo na ƙara kalla, ina ta faɗin Allahu Akbar ni kaɗai a ɗaki.

Fim ɗin ya fito ne tare da wani rahoton bincike a mujallar Science ta ranar 1 ga Disamba, 2023. Masana daga Taiwan da Japan da Jamus ne suka haɗa hannu suka yi shi, cikinsu akwai Manuel Maestre-Reyna da Ming-Daw Tsai da Lars-Oliver Essen. A cikin wannan fitowar ta mujallar kuma, kafaɗa da kafaɗa da nasu, akwai rahoton wata tawagar daban daga birnin Hambag na Jamus, ƙarƙashin Thomas Lane, wadda ita ma ta ɗauki hoton abu guda ta tata hanyar. Tawaga biyu, kowace da nata aikin, sai ga labarinsu ya zo ɗaya a manyan gaɓoɓinsa. Shaida biyu ke nan, kuma a kimiyya babu abin da ya fi wannan kwantar da hankali.

Abin da suka ɗauka shi ne wani ɗan ƙaramin ma'aikaci da ke cikin ƙwayoyin halitta, sunansa fotolayes, yana tsakiyar gyaran DNA da rana ta ɓata.

Sai na ɗan koma baya domin wanda bai san ɓarnar ba. DNA ɗin da ke cikin kowace ƙwayar halittar jikinmu kamar dogon tsani yake wanda aka murɗe, kuma matakansa haruffa ne huɗu, A da T da G da C, kowane harafi na gefe guda yana riƙe da abokinsa na ɗaya gefen. A jerin haruffan nan aka rubuta duk umarnin da jiki yake bi. A cikin hasken rana kuwa akwai wani kaso da ido ba ya gani, shi ake kira altirabayolet ko UV a taƙaice. Idan wannan haske ya faɗa inda T biyu suke maƙwabtaka a gefe ɗaya na tsanin, sai su saki tsarinsu su manne da juna da ɗauri biyu, su yi wani ɗan zobe mai kusurwa huɗu. Wannan mannewa tana faruwa cikin kusan kashi ɗaya cikin tiriliyan na sakan. Daga nan tsani ya karkace a wurin. In ƙwayar halitta ta zo kwafar rubutun don ta rabu biyu, ko dai ta tsaya cik, ko ta karanta ba daidai ba ta rubuta kuskure. Kuskuren nan in ya taru a fata, shi ne mafarin sankarar fata.

To, shi fotolayes maɗori ne. Ban sami kalmar da ta fi wannan dacewa da shi ba. Enzaim ne, wato furotin mai gaggauta aikin sinadari. Yana bin tsanin yana laluba har ya iske inda aka sami targaɗe, ya lanƙwasa DNA ɗin wajen digiri 50, ya juyo da T biyun da suka manne zuwa waje, ya saka su cikin wani ɗan aljihu a jikinsa. Sai ya jira. Ko a duhu zai iya yin duk wannan, amma ba zai ɗora ba sai shuɗin haske ya sauka a kansa. Ranar da ta yi ɓarnar da wani kason haskenta, ita ce take ba da ƙarfin gyara da wani kason. Duk lokacin da na tuna wannan sai na ji wani sanyi a raina.

Yanzu ga fim ɗin kansa, daki-daki.

Ana buɗewa da maɗori riƙe da majinyaci a duhu. A can ƙasan aljihun akwai wani sinadari mai suna FAD, wanda asalinsa bitamin B2 ne, wannan dai da muke samu a madara da ƙwai da hanta. Sai walƙiyar haske ta sauka. FAD ya karɓi ƙarfin, ya lanƙwashe kamar malam-buɗe-littafi yana kaɗa fiffike. Tawagar Hambag ce ta fi fito da wannan lanƙwasar fili. Daga nan ya cilla ilektiron guda ɗaya tak zuwa ga zoben nan na T biyu. Ɗauri na farko ya tsinke. A nan ne na fi tsayawa, domin masana sun daɗe suna tambayar ko ɗaurin biyu tare suke tsinkewa ko ɗaya bayan ɗaya, kuma ga shi an kama hoton T biyun suna rataye da ɗauri guda, ɗayan ya riga ya saki. Sannan na biyu ya bi. Ilektiron ɗin da aka ba da aro ya koma wurin mai shi. An gama.

Duk wannan ɗorin yana ƙarewa ne a kusan nanosakan guda, wato kashi ɗaya cikin biliyan na sakan. Haske, wanda babu abin da ya fi shi gudu, santimita 30 kawai yake ci a wannan lokacin, tsawon rular ɗan makaranta. Ba a yanke komai ba, ba a zubar da komai ba, ba a kawo sabon abu an yi maho ba. Haruffan da suka lalace su ne dai suka koma lafiyayyu, shi kuma maɗori bai rasa ko ƙwayar zarra ɗaya ta jikinsa ba. Zuwa nanosakan 500, duk sassan jikinsa da suka motsa sun koma mazauninsu.

Sashen da ya fi taɓa ni shi ne na ƙarshe, wanda aka kama tsakanin maikirosakan 25 zuwa 200. A nan ne T biyun suke fita daga aljihu su koma cikin tsani, kuma ba tare suke fita ba, ɗaya ke yin gaba sannan ɗayan ya biyo, kowane ya nemi abokinsa A na ɗaya gefen ya sake riƙe shi. Ku lissafa da ni: da a ce ɗorin sakan ɗaya yake ɗauka a agogonmu, da komawa gida za ta kai kwana biyu da 'yan sa'o'i. Aikin da ake ganin shi ne mai wuya an yi shi nan take, sallamar majinyaci ce ta ɗauki lokaci. Wa ya isa ya zauna ya ƙago wannan da ka? Sai da aka gani.

Yadda aka ɗauki hotunan ma abin a jinjina ne, kuma ya kamata mai karatu ya fahimce shi don kada ya zaci kamara aka kafa wa enzaim ɗaya. Babu kamarar da za ta iya. Abin da suka yi shi ne, sun samo fotolayes daga wata ƙaramar halitta mai zama a taɓo tana fitar da iskar metan, Methanosarcina mazei, suka haɗa shi da gutsuren DNA mai rauni, suka daskarar da su suka zama ƙananan ƙiristal kamar ɓarɓashin gishiri, dubbai a kan dubbai. Dole a yi aikin a duhu kuma ba tare da iskar oksijin ba, domin haske zai fara gyaran kafin a shirya, oksijin kuma zai kwance wa FAD ɗamara. Sannan aka riƙa turo ƙiristal ɗin ɗaya bayan ɗaya, a haska masa leza don a tayar da aikin, a jira ɗan lokacin da aka auna, sai a harbe shi da walƙiyar eksire mai tsananin ƙarfi. Walƙiyar tana tarwatsa ƙiristal ɗin, amma gajartarta ta sa tana ɗauko siffarsa kafin ya watse. Hoto ɗaya cikin 18 ɗin nan, daga dubban irin wannan harbin aka tattaro shi. Injinan da ke samar da walƙiyar, SACLA a Japan da SwissFEL a Suwizalan, kowanensu tsawonsa ya kai mita 700. An gina inji mai tsawon unguwa guda don a leƙa abin da madubin likita ba ya iya gani. Madalla da wannan himma!

Wani abin da ya ƙara wa fim ɗin armashi a wurina shi ne dogon tarihin da ke bayansa. A 1949 wani Ba'amurke, Albert Kelner, yana gwaji da ƙwayoyin bakteriya da ya haska wa UV a Cold Spring Harbor. Sakamakonsa ya ƙi daidaita, wasu su mutu, wasu su farfaɗo, har ya gano cewa waɗanda ke samun hasken taga su ne ke farfaɗowa. A 1958 Claud Rupert ya nuna cewa enzaim ne ke wannan aikin. Sai ga wani saurayi daga Savur, ƙaramin gari a lardin Mardin na kudu maso gabashin Turkiyya, ya zo ya zama ɗalibin Rupert a Dalas. Aziz Sancar ke nan, haifaffen 1946, na bakwai cikin 'ya'ya takwas, wanda iyayensa ba su iya karatu da rubutu ba amma suka tsaya tsayin daka 'ya'yansu su yi ilimi. Ya karanta likitanci a Istambul, ya yi aikin likita a karkarar yankinsu, sannan ya koma bincike. Shi ya ware ƙwayar gadon da ke samar da fotolayes kafin ya kammala digirin digirgir a 1977. Duk da haka wurare uku ya nemi gurbin ci gaba da bincike, duka suka ƙi shi, ya karɓi aikin ma'aikacin ɗakin gwaji a jami'ar Yale. Mai haƙuri yakan dafa dutse: a 1995 shi da abokan aikinsa suka fitar da siffar enzaim ɗin, daga 2005 shi da Dongping Zhong na jami'ar jihar Ohayo suka auna saurin kowane mataki da leza, kuma a 2015 aka ba shi kyautar Nobel ta kimistiri tare da Tomas Lindahl da Paul Modrich. Aunawar su Zhong ta nuna cewa a fotolayes na bakteriyar E. coli, cikin kowane sau 10 da ya karɓi haske, wajen sau 8 gyaran yana yiwuwa. Shi na E. coli ɗin ma har eriya gare shi mai kamo haske, wadda aka yi da dangin folik asid ɗin nan da ake ba masu juna biyu wurin awo. Su Sancar sun ji motsin da kunnen na'ura. Su Maestre-Reyna suka zo suka kunna fitila aka ga fuska. Shekara 74 tsakanin tagar Kelner da hotunan nan.

Ga inda abin ya shafe mu kai tsaye: mu 'yan Adam ba mu da wannan maɗorin. Gero da dawa da shinkafa suna da shi, kifi da kwaɗo suna da shi, dabbobin Ostireliya masu goyo a aljihu suna da shi. Amma duk dabbar da ke rainon ɗa a mahaifa da mabiyiya, mu da shanu da awaki da raƙuma, babu. Abin da muke da shi tela ne mai almakashi: tarin furotin da ke yanke haruffa wajen 30 a kewayen raunin, su zubar, su sake ɗinka sabo ta hanyar kwafar ɗaya gefen. Sancar ɗin dai shi ya warware yadda wannan ke aiki. Yana yi, kuma yana yi da kyau, sai dai sa'o'i yake ɗauka. Yaran da aka haifa da naƙasa a wannan tsari, masu cutar da likitoci ke kira zerodama figmentosom, haɗarin sankarar fata a kansu ya ninka na sauran mutane sau dubbai, har rayuwarsu takan koma ta dare.

Shi ya sa masana suka daɗe suna tambayar ko za a iya aro maɗorin nan, a gyara shi, a sa shi aiki inda babu shi. Kuma abin da aka riga aka yi ba kaɗan ba ne. A 2000 wasu likitocin fata a Duseldof ta Jamus suka cusa fotolayes na wata halittar ruwa mai launin kore-shuɗi cikin ƙananan ƙunshin maiƙo, suka shafa a fatar mutanen da aka haska wa UV, sannan suka haska musu hasken da enzaim ɗin ke buƙata. Mannannun haruffan suka ragu da kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari. Daga irin wannan aikin ne aka fara samun man shafawa na kare fata masu ɗauke da fotolayes a kasuwannin Turai. A Rotadam ta Holan kuma aka ɗauko ƙwayar gadon enzaim ɗin daga wata ƙaramar dabba dangin kangaru aka dasa wa ɓeraye, kuma rahoton 2005 ya nuna ɓerayen sun sami kariya mai ƙarfi daga sankarar fata. A 2013 masu bincike a Debrecen ta Hangari suka tura wa ƙwayoyin fatar mutum, a ɗakin gwaji, saƙon mRNA mai umartar su su ƙera fotolayes da kansu, suka ƙera, ya kuma yi gyara. Cikin marubutan wannan rahoton akwai Katalin Karikó da Drew Weissman, mutanen da fasaharsu ta mRNA ta haifar da allurar korona har ta kai su ga Nobel a 2023. Da na ga sunayensu a wurin sai da na yi tafi.

Akwai ma wanda ya fi kusa da tukunyarmu. A jami'ar Tohoku ta Japan, Jun Hidema da abokan aikinsa sun gano cewa bambancin tubali ɗaya tak cikin tubalan da aka gina fotolayes da su yana iya sa wani irin shinkafa ya fi wani jure UV. A 2020, tare da wani masani ɗan Tanzaniya, Gideon Mmbando, suka gwada ire-iren shinkafar Afirka a ƙarƙashin fitilar UV, suka iske da yawansu suna da rauni sosai a wannan fanni. Sai suka ɗauki shinkafar Afirka ta asali, wadda kakanni suka fara nomawa a fadamun kogin Neja a ƙasar Mali ta yau, suka ƙara mata fotolayes mai ƙarfi, ta kuma fi jurewa. Gwajin ɗaki ne, ba a gona ba, amma ƙofa ce ta buɗe.

A nan ne darajar fim ɗin take. Duk waɗancan aro ne aka yi na enzaim kamar yadda aka same shi. Wanda yake so ya sake masa fasali, ya sa ya daɗe bai lalace ba a cikin kwalbar man shafawa a ƙasa mai zafi, ko ya yi aiki da haske mai rauni, ko ya gyara wani nau'in rauni daban, dole ya san wane tubali ne ke motsi da lokacin da yake motsi. Bakanike ba ya gyara injin da bai taɓa ganinsa a kunne ba. Akwai nau'in rauni na biyu da UV ke yi, wanda masana ke kira 6-4, kuma da nasa fotolayes daban. A 2016 tawagar Hideki Kandori a Nagoya ta canza tubali uku a jikin wannan na biyun sai ya fara gyara raunin na farko, amma da suka gwada juya abin ta ɗaya ɓangaren ya ƙi. Irin wannan cikas ɗin hotuna masu motsi ne za su taimaka a gane dalilinsa. Enzaim masu aiki da haske kai tsaye da aka sani a halitta ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma tun 2022 masana a Mancesta ta Ingila da kuma Sin sun fara ƙera nasu na hannu don haɗa sinadarai. Duk mai wannan sana'a yanzu ya sami babban malami da zai kalla yana aiki.

Ina rubutun nan ina tuna 'yan'uwanmu masu lalurar zabiya, waɗanda fatarsu ba ta da isasshen sinadarin melanin da ke tare UV, ga kuma ranarmu da ba ta sassauci. Sankarar fata tana cin su da ƙuruciya a ƙasashen Afirka da dama, kuma ko ranar 13 ga Yuni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware musu, kukan da ake yi ke nan. Ba zan yaudari kowa ba: fim ɗin nan ba magani ba ne, kuma man da ke ɗauke da fotolayes ba ya maye gurbin malafa mai faɗi, riga mai dogon hannu, inuwa, man kare fata na yau da kullum, da kai duk wani gyambon da ya ƙi warkewa wurin likita da wuri. Waɗannan su ne kariyar yau, kuma haƙƙi ne a kan iyaye da malamai da hukuma su samar da su. Amma ina da yaƙinin cewa kariyar gobe ta irin wannan hanya za ta biyo, kuma su ne suka fi cancantar ta fara isa gare su.

In akwai abin da zan ce ya rage wa fim ɗin, bai wuce cewa ya yi mini kaɗan ba. Tsakanin hoto da hoto akwai giɓin da nake ƙishirwar a cike, kuma wanda bai saba ganin siffar sinadarai ba zai ga sanduna da ƙwallaye ne kawai suna motsi, sai ya sami mai yi masa bayani a gefe. Amma da zarar an nuna maka ga T biyun nan, ga ɗaurin, ga FAD a ƙasa, shi ke nan, ba za ka ƙara kallon ganyen dawa a tsakar rana yadda ka saba ba, domin ka san aikin da ake yi a cikinsa a wannan lokacin.

Hukuncina: maki goma cikin goma, ba ragi. Malamanmu na bayoloji da kimistiri, na sakandare da na jami'a, don Allah ku nemo shi. Ku rubuta photolyase da sunan Maestre-Reyna da shekarar 2023 a intanet, ku karanta rahoton, ku zana hotunan a allo in babu na'urar haskawa, ku ba ɗalibai labarin ɗan Savur da iyayensa ba su iya karatu ba. Iyayen da Allah ya ba 'ya'ya zabiya kuma, kada yaro ya fita rana ba malafa.